Fitar yara zuwa tafkin Tabalak, abin da na gani game da masu kula da su

Ɗiyata mai shekara 15 ce ta matsa mini lamba sai ta bi ƙungiyar matasan unguwarmu nan Tahoua zuwa Tabalak a hutun Disamba, kwana biyu a daji, gaskiya da farko cewa na yi a'a, da halin tsaron da muke ciki wa zai saki ɗiya mace haka kawai. Sai da babban mushen nasu, wato malamin da ke kula da su, ya zo har gida ya zauna kan tabarma ya yi ma babanta bayani sannan hankalina ya ɗan kwanta. Jika 15 munka biya har da mota da abinci.

Ya ce tsarin sun kwaikwayo shi ne daga lambar yabon Duke of Edinburgh da aka fara a Ingila a 1956, inda yara ke tafiya rukuni rukuni, mutum 4 zuwa 7, su riƙe taswira su dafa abincinsu da kansu, babba ba ya shiga cikinsu sai dai ya tare su a wuraren da aka yi alkawari. Na ce mishi malam wannan ai sakaci ne! Ashe ba haka ba ne, ɗiyata ta ce duk inda sunka iso sai su tarar da shi ƙarƙashin itace da bido na ruwa, ya ƙirga kai ya duba ƙafafun kowa ɗaya bayan ɗaya sannan ya sake su. Kafin ma su tashi sun sanar da jandarma da mai gari, sun san inda likita take kusa.

Abin da ya fi burge ni maganar ruwa, sun hana kowa shiga tafkin ko da wanke ƙafa ne saboda tsargiya, wani yaro ya yi gardama sunka ce ko ya bi doka ko a mai da shi gida ranar. Da asuba kuma ba mai sa takalmi sai ya kakkaɓe saboda kunama, kowa cikin sange ya kwana duk da sanyin hunturu.

Amma inda sunka ɓata mini rai, daren farko har ƙarfe 11 ba kira ba saƙo, wai rezo ne babu, to ku da kunka san wurin me ya hana ku faɗa ma iyaye tun farko? Ban runtsa ba wallahi. Sannan mace ɗaya tal ce ke kula da ƴan mata 9, ya yi kaɗan, in ɗaya ta kwanta ciwo wa zai tsaya da sauran. Na faɗa ma mushen ido da ido, ya ce za su ƙara.

Ƙanenta na jiran ya cika 14, zan bar shi ya tafi, amma sai na ga lambar wanda zan kira da dare a hannuna.