Tsohuwar mota ko jif mai jan ƙafa huɗu: wacce za ka saya?

Kafin ka tambayi kuɗin mota, fara duba hanyar da za ka riƙa bi kullum da mutanen da za ka ɗauka.

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da ta fito a 1968, ko Mercedes W123 ta 1976, suna da abin da ke jan rai: sauƙin inji. Ka buɗe bonet, komai a fili yake, ga filogi, ga lagireto, ga bel. Wadda ke da kafireto, bakanike mai kunne kan gane ciwonta daga ƙarar injin kawai. Amma babban abokin gabarta tsatsa ne. Kada sheƙin fenti ya ruɗe ka. Ɗaga shimfiɗar ƙasa, leƙa cikin but ƙarƙashin safaya, ka ƙwanƙwasa gindin ƙofofi. Inji yana gyaruwa, amma shasin da tsatsa ta cinye ramin kuɗi ne. Sannan ka tabbatar ana samun kayan gyaranta tun kafin ka biya.

Jif ta zamani, irin Land Cruiser ko Hilux, aikinta daban. Tana da tsayi daga ƙasa, kuma ƙaramin giyarta na fitar da ita daga yashi da laka inda tsohuwar za ta kafe. Sai dai tana da nauyi, tayoyinta na da tsada, kuma idan fitilar gargaɗi ta kama, sai an haɗa ta da kwamfuta kafin a san matsalar. Mutane da yawa kan manta cewa jan ƙafa huɗu yana taimaka maka wajen tashi ne, ba ya rage nisan tsayawa idan ka taka birki.

Inda ba na sassautawa shi ne tsaron rai. Yawancin motocin wancan zamani ba su da jakar iska mai kumbura ta kare mutum idan an yi karo, ba su da birkin ABS mai hana taya ƙamewa. Idan iyalinka za ka riƙa ɗauka a doguwar tafiya, ɗauki ta zamani, babu ja. Tsohuwar ta dace da wanda yake da wata motar ta yau da kullum, da rumfar ajiya, da haƙurin jiran kayan gyara na makonni. In kuwa duk zirga-zirgarka a kan kwalta ce, jif ɗin ma ta fi ƙarfin buƙatarka; ƙaramar mota ta zamani za ta ishe ka, da ƙarancin shan mai.