Hattara da masu tallar maganin hawan jinin kare da kyanwa ta waya

Jama'a masu kiwon karnuka da maguna, a kula. Akwai masu talla a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp da ke kiran kansu likitocin dabbobi, suna sayar da abin da suke cewa maganin hawan jini ne, ko na zuciya, ko na ƙoda. Salonsu kusan ɗaya ne. Ka rubuta cewa karenka yana tari ko kyanwarka ta rame tana yawan shan ruwa, sai su biyo ka ta akwatin saƙo, su ce ka turo hoto ko ɗan bidiyo. Kafin minti biyar sun yanke cewa hawan jini ne, sun ce saura kaɗan dabbar ta mutu, sun turo lambar asusu. Wasu daga nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsu. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu aikowa da gaske, a mota ko a hannun ɗan acaɓa: ƙwayoyi tsirara a ƙulle cikin leda, ko ruwa a kwalbar da ba ta da hatimi, an liƙa takarda an rubuta sunan wani maganin dabbobi na gaske, kamar Fortekor, Vetmedin ko Semintra.

Ba a gane hawan jinin dabba ta hoto, kuma duk wanda ya ce ya gane ƙarya yake yi. Awo ake yi. Likita kan bar dabbar ta huce a ɗaki mara hayaniya kamar minti 5 zuwa 10, ya ɗaura ɗan ƙaramin maɗauri a ƙafar gaba ko a gindin wutsiya, wanda faɗinsa bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na kaurin wurin ba, ya auna sau 5 zuwa 7, ya watsar da awon farko, ya ɗauki matsakaicin sauran. Lambar sama ake dubawa: ƙasa da 140 lafiya lau, daga 160 an shiga hawan jini, 180 zuwa sama kuwa ido da ƙoda da ƙwaƙwalwa suna cikin haɗari sosai. Tsoron asibiti kaɗai yana ɗaga lambar, shi ya sa in ba a ga ɓarna a ido ba akan sake awon wata rana kafin a ɗora dabba a kan magani. Ana kuma ɗibar jini da fitsari a ga halin da ƙoda take ciki. To wanda bai ko san nauyin dabbarka ba, da me ya auna mata ƙwaya?

Su kuma masu tallar suna cakuɗa cututtuka uku, hawan jini da ciwon zuciya da ciwon ƙoda, su mai da su ɗaya. Ciwon ƙoda shi ne kan gaba wajen jawo hawan jini a kare da kyanwa, sannan a tsohuwar kyanwa akwai ciwon ƙullutun maƙogwaro mai sa ta ci da yawa tana ramewa. Amma yawancin karnuka masu ciwon zuciya jininsu bai hau ba, wasu ma ƙasa yake. Vetmedin ba maganin hawan jini ba ne. Aikinsa ƙara wa zuciya ƙarfin bugu, sau biyu a rana ake ba da shi, kamar awa ɗaya kafin abinci. Ga kuma abin da ya fi yawa a wurarenmu: kare mai kasala, dasashi fari, ya ƙi cin abinci, sau da yawa zazzaɓin kaska ke damunsa. A ba irin wannan karen maganin sauke jini, an ƙara masa ciwo kan ciwo, ainihin cutar kuma tana ta cinsa.

Babbar ɓarnar tana wajen ƙima. Maganin farko ga kyanwa mai hawan jini shi ne amlodipine, kuma abin da take sha miligiram 0.625 ne zuwa 1.25 sau ɗaya a rana. Ƙwayar mutane da ke kemis miligiram 5 ce ko 10. Wato rabon kyanwa ɗaya bisa takwas ne ko rubu'in ƙaramar ƙwayar. Ɗan damfara ya sayi kati ɗaya na mutane da araha, ya ɓare, ya zuba a leda, ya ce a ba ta guda kullum. Ƙwaya mai 5 ta ninka ƙimarta sau 4 zuwa 8, mai 10 kuwa sau 8 zuwa 16. Jini ya faɗi warwas, kyanwa ta kama tangaɗi, ta kwanta ta kasa tashi, ƙodar da dama ba ta da ƙarfi ta rasa jinin da za ta tace. Akwai ƙwayoyin mutane kuma masu haɗi biyu, maganin hawan jini da na sa fitsari a ƙwaya guda, in an cire su daga katinsu ba mai iya bambancewa da ido.

Semintra ma iri biyu ce. Akwai mai miligiram 4 a kowane mililita, wadda ake ba kyanwar da ke zubar da furotin a fitsari, miligiram 1 ga kowane kilo. Akwai mai miligiram 10, ta hawan jini, miligiram 2 ga kowane kilo, wato kyanwa mai kilo 4 za ta sha mililita 0.8. Kowacce da sirinjinta da ke zuwa cikin kwali. Wanda ya juye ruwan a wata kwalba ya haɗa ka da sirinjin allura ya raba ka da hanyar sanin wacce ce a hannunka, alhali ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi ninki biyu da rabi.

Benazepril, wanda shi ne ke cikin Fortekor, da ɗan'uwansa enalapril, suna da nasu sharaɗin. Kare kan sha benazepril miligiram 0.25 zuwa 0.5 ga kowane kilo a rana, mai kilo 20 ke nan miligiram 5 zuwa 10. Ba a fara shi ga dabbar da ruwan jikinta ya ƙone, mai amai ko gudawa ko wadda ta daina sha, domin yana rage matsin da ƙoda ke tace jini da shi. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da farawa dole a sake ɗibar jini a duba kiriyatinin da fotasiyam, sinadaran jini masu nuna yadda ƙoda ke aiki. Mai sayarwa ta waya ba zai taɓa gaya maka wannan ba, shi dai ya ce ka biya kuɗin wata uku gaba ɗaya a yi maka ragi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda suke haɗawa da maganin ciwon jiki wai don dabbar ta ji daɗi. Ibuprofen ko diclofenac a kan benazepril da furosemide (maganin sa fitsari), a lokacin zafin bazara, hanya ce mafi kusa ta kashe ƙodar kare cikin 'yan kwanaki. Farasitamol kuwa guba ce ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

In kuma ƙwayar jabu ce, babu komai a ciki sai alli ko sitaci, ɓarnar a ɓoye take tafiya. Kana ganin kana ba da magani, jini yana nan a sama, har wata safiya ka tarar da kyanwa tana karo da bango, baƙin idonta ya buɗe ba ya tsukewa ko an haska fitila. Tantanin gani ne ya ɓalle a bayan ido. In an kai ta asibiti a ranar aka sauke jinin, wani lokaci gani kan dawo. In an kwana biyu ana jiran saƙon mai magani, yawanci makantar ta zauna.

Masu haɗin gargajiya na wanke ƙodar dabba su ma a guje su. Sukan sa tafarnuwa saboda mutane sun san ta da hawan jini, alhali tafarnuwa da albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa.

Kafin ka biya ko sisi, nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa ta Hukumar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, da adireshin asibitin da za ka iya takawa ka je. Lura da sunan da ke kan asusun: in ya saɓa da na mai tallar, tsaya. Kada ka karɓi ƙwaya sai a cikin katinta da kwalinta, lambar rukunin da aka buga da ranar lalacewa su zo ɗaya a kwali da kati, takardar bayani tana ciki, ka kuma duba lambar NAFDAC. Ba laifi ba ne likitan dabbobi ya rubuta amlodipine ko enalapril na mutane a saya a kantin magani mai rajista, ana yin haka, amma shi zai faɗi ƙarfin ƙwayar da yadda za a raba ta. Wanda ba shi da likita a kusa ya nufi asibitin dabbobi na gwamnatin jiharsa, ko asibitocin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri.

Wanda ya riga ya fara ba dabbarsa irin wannan kaya, ya dakatar da na ledar, ya kai ta asibiti yau, ya tafi da ragowar ƙwayoyin da ledar da bayanin ranar da aka fara da yawan da aka ba ta. Maganin da likita na gaske ya rubuta kuwa kada a yanke shi sai da saninsa. A ajiye wa dabbar ruwa a gabanta, kada a yi mata ɗure in tana layi ko ta suma. Sannan a ɗauki hoton hirar da shaidar tura kuɗin tun kafin su goge shafin, a sanar da banki nan take, a kai ƙara ofishin NAFDAC na jiha da wurin 'yan sanda.