Na mayar da kwamfutata cikin Corsair 4000D Airflow

Jama'a wallahi tsohon kes ɗina, wato akwatin kwamfutata, ya ishe ni, gabansa a toshe ruf, da zafin Afrilu ya shigo sai fanka ta kama kuka kamar janareta. Shi ne na sayi Corsair 4000D Airflow na kwashe komai na mayar ciki, madabod (babban allon da ake jona komai a kai) da had disk (ma'ajiyar bayanai) da girafik kad (mai fitar da hoto), kuma gaskiya ban yi nadama ba.

Gabansa raga ce iska na shiga sosai, ga tacin ƙura da kake zarewa ka kakkaɓe ka mayar, mu da hunturu ke cika mana ɗaki da ƙura ai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya zo da fanka biyu masu 120mm, ni na ƙara ɗaya a gaba. Abin da ya fi burge ni bayan madabod ɗin ne, akwai fili da maɗauri inda duk wayoyi ke bi su ɓuya, ka leƙa ta gilashin gefe ka ga ciki tsaf.

Ƙananan wayoyin maɓallin kunnawa ne suka ɗan ci min lokaci, sai da na haska tocilan waya na duba littafin madabod. Gilashin kuma a kan katifa na ajiye shi, kar ka kuskura ka ɗora shi kan tayil.