Ɗinke tumbin babban kare tun bai murɗe ba: wa ke buƙata, kuma wace tiyata za a zaɓa

Babban kare mai zurfin ƙirji yana iya cin abincin dare lafiya lau, kafin asuba ya mutu. Tumbinsa ne ke cika da iska, sannan ya juya kamar an murɗe bakin buhu, mashiga da mafita duk su toshe. Kumburarren tumbin sai ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, wani lokaci har ya ja saifa su murɗe tare. Abin da mai shi zai gani: kare yana ta kakarin amai ba abin da ke fita sai kumfa, yawu na dalala, ya kasa zama ya kasa kwanciya, ciki ya yi tam a bayan haƙarƙari, in an ƙwanƙwasa da yatsa ya amsa kamar ganga. Ko an samu yin tiyatar gaggawa, wajen kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ba sa tashi.

Tiyatar riga-kafin, wadda likitocin dabbobi ke kira gastirofeksi, ita ce a ɗinke ƙarshen tumbi, wajen da yake gangarawa zuwa hanji, a jikin bangon ciki na dama. Wannan ɓangaren ne ke fara zamewa idan tumbi zai juya, don haka shi ake ɗaurewa. A riƙe wannan tun yanzu: ɗinkin yana hana murɗewa, ba ya hana kumburi. Karen da aka yi wa yana iya cika da iska wata rana, kuma dole a kai shi asibiti, sai dai ba a cika rasa shi ba.

Kafin a yi maganar irin tiyata, a duba karen. Binciken da Larry Glickman da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda ya fito a 2000, ya nuna kusan huɗu cikin goma na karnuka irin Great Dane za su gamu da wannan ciwo a rayuwarsu. Saint Bernard, Weimaraner, Irish Setter da babban Poodle suna cikin masu haɗarin. German Shepherd da Doberman, waɗanda ake yawan ajiyewa don gadi, su ma suna cikin sahu. Rottweiler haɗarinsa bai kai nasu ba, domin ƙirjinsa ya fi faɗi. Haɗarin yana ƙaruwa da shekaru, da cin abinci da sauri, da kuma in uwa, uba ko ɗan'uwan karen ya taɓa yi. Karen gida na unguwa, mai matsakaicin jiki, ba shi da dalilin shiga ɗakin tiyata don wannan. Sai kuma abin da ba ya cikin jinin kare: nisan gidanka da likitan da zai iya buɗe ciki ƙarfe biyun dare. Wanda yake kusa da asibitin koyarwa na dabbobi, irin na Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, ba daidai yake da wanda zai yi tafiyar awa huɗu ba. Gwargwadon nisa, gwargwadon amfanin riga-kafin.

Hanyar da aka fi bi ita ce buɗe ciki a yi ɗinkin tsaga da tsaga. Likita zai tsaga tsakiyar ciki daga ƙasan ƙashin ƙirji. A jikin tumbi zai yi tsaga mai tsawon santimita 4 zuwa 5, wadda ta ratsa fatar wajen tumbin da tsokarsa kawai, ba ta huda shimfiɗar cikinsa ba. Zai yi irinta a tsokar bangon ciki ta dama, kaɗan bayan haƙarƙari na ƙarshe, sannan ya haɗa bakunan biyu da zare mai narkewa a hankali, yawanci polidiyoksanon lamba 2-0. Ba zaren ne ke riƙewa har abada ba, tabon da naman biyu za su yi ne. Shi ya sa tsaga gajera, ko wadda ba ta shiga tsoka sosai ba, take sakewa daga baya. Kuskure biyu ake tsoro: a huda tumbi abin ciki ya zubo, ko a yi tsagar bango gaba da yawa a taɓa shamakin da ke raba ƙirji da ciki, iska ta shiga ƙirji. Wannan hanya ba ta buƙatar wata na'ura ta musamman, kuma ga yawancin masu kare ita ce zaɓin da ya dace.

Akwai tsofaffin hanyoyi biyu da har yanzu wasu ke yi. Ɗaya ana yanko ɗan harshe daga tsokar tumbi a zura shi ta wani rami a tsokar bango, kamar yadda bel ke bi ta madaukin wando. Tana riƙewa da kyau, in hannun likita ya saba da ita ba laifi. Ɗayar kuwa ana naɗa harshen ne a jikin haƙarƙari. Tana da ƙarfi ƙwarai, amma tana iya karya ƙashin ko ta huda ƙirji, kuma ƙarin ƙarfin ba ya sayen komai a kare mai lafiya. Wadda za a ƙi kai tsaye ita ce a haɗa tumbi cikin ɗinkin rufe tsakiyar ciki. Tana da sauri, amma duk likitan da zai sake buɗe cikin nan gaba yana iya yanka tumbin bai sani ba.

Sai tiyatar kyamara. Ana huda ƙaramar kafa kusa da cibiya, a hura iskar kabon dayoksaid don ciki ya ɗago, a zura kyamara. Ta kafa ta biyu a dama ake kamo tumbi, a faɗaɗa kafar zuwa wajen santimita 4, a yi ɗinkin daga waje. Wasu cibiyoyin suna yin komai daga ciki da zare mai ƙayoyi wanda ba ya buƙatar ƙulli. Ciwo ya fi sauƙi, kare ya fi saurin miƙewa, riƙon kuma daidai yake da na buɗe ciki. Kuɗinta ya fi yawa, kuma ba kowane asibiti ke da kayan ba. Amfaninta ya fi fitowa ga namiji, domin fiɗiya ba ta buɗe ciki, ke nan in ba da kyamara ba, dogon yanka don wannan kaɗai za a yi masa. Karya kuwa, in za a cire mata mahaifa, tsawaita tsagar kawai za a yi a gama duka da maganin barci sau ɗaya. Ana iya yi tun daga wata shida, amma da yake ana yawan jinkirta fiɗiyar manyan karnuka zuwa shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, sai a haɗa su lokacin.

Gaskiyar magana, abin da ya fi na'ura muhimmanci shi ne maganin barci. A tambayi likita: sau nawa ya yi wannan aiki? Da iskar barci ta bututu da oksijin zai yi, ko allura kaɗai? Wa zai tsaya kan numfashi da bugun zuciya? In wuta ta ɗauke fa? A nemi gwajin jini tukuna, musamman inda kaska ta yi yawa, domin cututtukanta suna rage jini da ƙwayoyin da ke sa shi daskarewa, kuma kare yana iya ɗauke da su ba alama. Doberman da Great Dane a duba musu zuciya. A kuma tambayi ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da gwaji, ƙarin ruwa, maganin ciwo da dawowa cire zare.

Ana hana abinci awa 8 zuwa 12 kafin aiki. Bayan aiki, kwana 10 zuwa 14 ba gudu ba tsalle, fita sai da igiya, a sa masa kwalar roba don kada ya lashe ɗinki. Abinci kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a yini. Ɗan ruwa ya taru ƙarƙashin fata ko amai sau ɗaya a kwanakin farko ba abin tashin hankali ba ne. Amai da ya ƙi tsayawa, dasashi ya yi fari, ko ɗinki na tsiyayar ruwa mai wari, wannan a koma asibiti nan take. Lokacin zafi da damina a ajiye shi a ɗaki mai raga a duba miki safe da yamma, domin ƙuda na iya saka tsutsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ko bayan ya warke, a raba abincinsa gida biyu a yini, a bar shi ya huta awa guda bayan ci, kwanon kuma a ƙasa, domin binciken Purdue ɗin ya danganta ɗagaggen kwano da ƙarin haɗari.