Sharhi a kan haɗa ƙaramar manhajata da NVDA

Ni makaho ne, kuma ni nake riƙe da lissafin shagon hatsi na yayana a Babbar Kasuwar Sakkwato. Manhajar karanta allo da nake amfani da ita ita ce NVDA, wadda Michael Curran ya fara a Ostireliya a shekarar 2006, ana kuma samun ta kyauta. Tana karanta mini takardar Excel yadda ya kamata, sai dai gidajen jadawalin take bi ɗaya bayan ɗaya, alhali mai saye yana tsaye yana jiran ya ji nawa ya rage a bashinsa.

Wannan ne ya sa na rubuta ƙaramar manhaja da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, wadda take zaune a wajen NVDA, na haɗa su ta hanyar wani fayil da ake kira NVDA Controller Client. Aikin fayil ɗin kaɗan ne: yana duba ko NVDA tana aiki, ya miƙa mata rubutu ta furta, ya katse maganarta, ko ya aika saƙo zuwa allon birel, na'urar da makafi ke karanta rubutu a kanta da yatsu. Yanzu da na rubuta sunan mai bashi, manhajata ta tara kuɗin buhunan gero da dawa da ya ɗauka, ta cire abin da ya biya, NVDA ta faɗi ragowar a kunnena da jimla guda. Yayana, wanda da farko ya ce mini "ƙanena, littafi ya fi aminci," shi ne yau yake turo masu bashi wurina.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ɗorewa. Ƙarin manhajojin da ake dasawa a cikin NVDA sukan buƙaci gyara idan sabon zubi ya fito, kamar yadda aka gani lokacin da zubin 2019.3 ya koma kan Python 3. Tawa kuwa, tunda daga waje take magana, na sabunta NVDA sau da yawa ban taɓa layi ɗaya a cikinta ba.

Wanda zai gwada ya kula da cewa fayil ɗin yana da na 32-bit da na 64-bit, kuma dole ya dace da Python ɗin da ke kwamfutarsa, in ba haka ba ba zai buɗe ba. Haka nan wannan hanya ba ta karanta abin da ke kan allo, ba ta kuma ƙirƙiro sabbin maɓallan umarni, don haka mai son waɗannan sai ya rubuta ƙarin manhaja irin wadda ake dasawa a cikin NVDA. Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ kuma muryar da nake da ita ba ta iya su ba, sai da na shigar da su ɗaya bayan ɗaya a ƙamus ɗin furuci na NVDA, kuma har yanzu duk sabon mai bashi da ya zo sai na ƙara sunansa a ciki.