Gwajin jinin CEA bayan aikin huhun Baba

Wata goma sha huɗu ke nan da aka cire wa Baba wani ɓangare na huhunsa na dama a Kano saboda ciwon daji. Ranar sallama likita ya ce duk wata shida a yi hoton CT na ƙirji, a haɗa da gwajin jini da ake kira CEA, mai auna wani sinadari da ciwon daji kan ɗaga a jini. Kafin aiki nasa ya kai 18, bayan aiki ya sauko 3, shi ya sa aka ce a riƙa bibiyarsa. Wanda nasa bai hau ba tun farko, gwajin ba ya gaya masa wani abin kirki.

Daga Daura nake kawo shi wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Katsina. Ɗibar jinin ba ta wuce minti biyar, ba sai an hana shi karyawa ba, bayan kwana uku su turo sakamako ta WhatsApp. Kuɗin kuma bai kama ƙafar na CT ba.

Zuwa na biyu ne muka sha wuya. Injinsu ya lalace, sai na kai jinin wani wurin. Takarda ta fito da 7.2, an zagaye da jan biro, a gefe an rubuta kada ya wuce 5. Ko kalma ɗaya ba wanda ya yi mini bayani. Da dare Baba ya kira ni ɗakinsa, ya ce, "Kai, faɗa mini gaskiya, abin ya dawo ko?" Hajiya kuwa ko tuwo ba ta taɓa ba.

Likita tambaya biyu ya yi: wuri ɗaya aka auna? Yana shan taba? Ashe kowane ɗakin gwaji da irin sinadarinsa, lambobinsu ba sa zuwa ɗaya. Taba ma tana ɗaga CEA, haka ciwon hanta da kumburin huhu. Baba ya sunkuyar da kai. Wato a majalisa ya koma zuƙa a ɓoye.

Hoton CT ya fito tas. Bayan sati shida muka maimaita a wurinmu na farko, 4.1.

Zan ci gaba da yi, amma a wuri ɗaya, kuma takardar ba za ta ƙara shiga gida ba sai likita ya gani. Kwalin tabar dai Hajiya ce ta tsinto shi a aljihun babbar rigarsa ta Juma'a.