Tsakanin Geographical Journal da Geographical Review, wanne za ka saya?

Malam, cikin tsofaffin kundayen mujallun nan biyu da ka ce an yi maka tayi, ɗauki Geographical Journal, kada ka tsaya dogon tunani.

Ita ce babba a shekaru. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan, wadda aka kafa a 1830, ta fara fitar da mujallarta a 1831, ta yi ta sauya suna har ta tsaya a kan wannan a 1893. Mutanenta a wancan zamanin matafiya ne da sojoji da jami'an mulkin mallaka, shi ya sa Arewa ta samu wuri a cikinta. Gwamna Lugga da kansa yana da maƙala kan Arewacin Najeriya a 1904, shekara guda bayan cin Kano. Wannan kundin yana wurina. Na taɓa karanta wa Baffana ita ina mayar masa da Hausa, ai kuwa tsoho ya gyara zama yana ta musu da Lugga kamar yana gabansa, har aka kira isha'i. A cikin mujallar ne kuma Stebbing, wani masanin gandun daji, ya rubuta a 1935 cewa hamada na tahowa kudu, maganar da ta sa Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa a 1936, wanda bai gaskata shi ba. Gardamar kwararowar hamada da muke yi yau, tun can aka faro ta. Sai dai ka karanta da idon basira, don da bakin mai mulki aka rubuta da yawa.

Ita kuwa Geographical Review ta Amurka, da ta fara a 1916, ina da ita, tana shan ƙura. In ka cire rubutun Whittlesey, wani masanin labarin ƙasa na Amurka, kan birnin Kano na 1937, ba na buɗe ta.

Abin da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da dillalai. Wasu sukan yanke taswirorin da aka naɗe a ciki su sayar daban, wasu kuma hoton kwafi ne suke yi wa bango mai kauri su ce na asali ne. Ka buɗe kowane kundi a gaban dillalin kafin ka biya. In ka ga tambarin laburare an goge, bar masa kayansa.